Maki Ɗaya a Kan Heliyam

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Shekara goma sha tara ina koyar da darasin sinadarai, yau 'yar aji biyar ta miƙe a gaban aji wai na cuce ta. Nafisat Alhassan.

Gwaji na yi musu don fitar da wadda za ta wakilci makaranta a gasar kimiyya ta jiha. Tambaya ta bakwai: duk gas ɗin rukuni na takwas suna da elektiron takwas a zagayensu na waje, gaskiya ko ƙarya? Ta rubuta ƙarya, na soke. 'Yar ajinsu Samira ta ci goma sha takwas, Nafisat sha bakwai, na ba da sunan Samira a ofis.

"Malama, ai heliyam biyu gare shi." Ko murya ba ta sassauta ba. Na ce ta zauna.

Laraba, 8 ga Mayu
Ni za a koya wa heliyam? Tun ba a haife ta ba nake faɗinsa. Zagaye ɗaya gare shi, biyu kaɗai yake ɗauka, ya cika, ba ya neman ƙari ba ya bayarwa, shi ya sa aka ɗora shi saman niyon da agon. Na sani! Ƙa'idar takwas nake tambaya. Kowa ya gane nufina sai ita mai kan tsiya.

Alhamis, 9 ga Mayu
Har da kawo uba. Tun daga Kurmin Mashi, ya baro aikinsa na ma'aikata, aka kira ni ofishin shugabar makaranta, Hajiya Husaina, kamar mai laifi. Ya gaishe ni da ladabi, har da tambayar maigida. Sannan ya ce, "Malama Safara'u, ni ban san sinadarai ba, takardu nake sa wa hannu. Amma a wurinmu in aka rubuta duk, duk ake nufi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Hajiya kuwa ta sunkuyar da kai tana juya biro. "Ke kika san darasinki." Shi ke nan kariyar da na samu bayan shekarun nan. Na ce sakamako ya riga ya fita, ba na canzawa.

Asabar, 11 ga Mayu
Takardun gwajin na cikin jaka, ban taɓa su ba. Miya ta ƙone.

Litinin, 13 ga Mayu
Nafisat ta daina ɗaga hannu. Ta koma bencin baya tana kwafa kawai. Ta yi ta yi, ba ni za a yi wa yaji a aji ba.

Don in nuna mata ajin sun fahimta, na ce kowa ta rubuta jerin elektiron na gas uku. Niyon biyu, takwas. Agon biyu, takwas, takwas. Daidai. Da na zo kan heliyam sai na ga takwas. Na buɗe littafi na gaba, takwas. Cikin yara arba'in da huɗu, talatin da ɗaya. Sinadarin da gaba ɗaya elektiron biyu ya mallaka!

Na ɗaga littafin Samira na ce ina ta samo wannan shirmen. Ta zaro ido. "Malama, ba ke kika ce duk takwas ne ba?"

Talata, 14 ga Mayu
Yaran yanzu ba sa tunani, hadda kawai. Waya ta cinye musu kai.

Na duba tsohon littafin shirin darasina, mai jan bango. "Duk" ɗin na nan da rubutuna, har na ja masa layi. Babu heliyam a ƙasa. Da baki nake ƙarawa, in na tuna. Aji nawa suka fita ban tuna ba?

Alhamis, 16 ga Mayu
Na sake duba takardun duka, na gyara maki. Nafisat sha takwas, Samira sha bakwai. Ba don uban kowa ba, kada a je gasa a kunyata makaranta ne.

Samira na fara kira, ita kaɗai, na faɗa mata Nafisat ce za ta je gasar. Ta yi kuka, ta ce har an ɗinka mata sabon hijabi. Ba ta yi laifin komai ba yarinyar nan, abin da na faɗa ta riƙe.

A aji na goge allo na rubuta: takwas, ban da heliyam. Na sa suka maimaita sau uku.

Bayan an tashi Nafisat ta tsaya bakin ƙofa. Na zaci godiya za ta yi. Wai tunda biyu gare shi a waje kamar magniziyam, me ya hana a sa shi rukuni na biyu? Na ce na magniziyam zagayen bai cika ba, zubar da biyun yake yi, na heliyam a cike yake. Ta ce akwai sauran tambayoyi. Wannan yarinya! Na ce ta zo gobe da littafinta, ta taho da Samira.

Ban ce na yi kuskure ba. Na ce tambayar ce ta zo da gyara. Ta ce, "To, Malama," ba ta ko yi murmushi ba. Allah Ya yi mata albarka.