Bindiga a Cikin Mazarƙwaila

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Mor, ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon ƙafar ya lafa.

Karatun malanta na tafiya, sai dai malamin kwamfuta, Ustaz Niamat, wani irin mutum ne. Ba ya tsayawa gaban allo. Matsala yake jefo mana, ya koma yana kurɓar koren shayinsa, wai da haka hannu ke faɗawa. Aikinmu shi ne mu buɗe taswira a kwamfuta, mu nemo inda yaran ƙauyenmu za su riƙa haye rafi zuwa makaranta idan ruwa ya kawo. Da ya ga garinmu ɗaya, sai ya haɗa ni da Daraz, ƙanen wanda ya harbe yayana Gul Wali. Kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, gwiwarsa na gogar tawa.

Na roƙi Ustaz ya raba mu. Ɗan birni ne, ko dalili bai tambaya ba. Dariya ya yi, ya ce, "Malamin gobe, wannan ma matsala ce. Warware ta."

Ki sa ni a addu'a.
Ɗanki, Zmarak

*

Zmarak,

Wa alaikumus salam. Matar yayanka ce ke rubuta mini.

Ƙafata lafiyarta lau, zuciyata ce ke ciwo. Allah ya kawo maka shi har bencinka, kai kuma kana kai ƙara wurin malami? Matan gari sun daina gaishe ni a bakin rijiya. Cewa suke ɗa ɗaya na haifa, kuma an binne shi. Direban motar katako zai ba ka ƙunshin mazarƙwaila. Kada ka buɗe shi gaban mutane, bindigar ubanka na ciki.

Allah ya ba ka zuciya.
Mahaifiyarka

*

Mor,

Ina gaishe ki. Saƙo ya iso, yana ƙarƙashin katifa, ban kwance ba.

Jiya Daraz ya matso da taswirar kusa, ya ɗora yatsa a kan mashigar da ke bayan injin niƙa. Ya ce, "Nan ya fi. Ruwa iya gwiwa, na san wurin sarai." Inda Gul Wali ya faɗi ke nan. Ban san lokacin da na damƙi ƙeyarsa na buga fuskarsa a gilashin kwamfutar ba. Gilashi ya tarwatse, jini har kan madannai. Shi kuma ya ɓalle ƙafar benci ya karya mini haƙarƙari, sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare mu.

Ustaz ya sa muka rungumi juna. Ya hana a kore mu, ya ce ranar Alhamis tare za mu gabatar da aikin. Abin da ya fi ƙona mini rai, Mor, gaskiya Daraz ya faɗa. Na auna ko'ina, babu mashigar da ta kai ta aminci ga yara. Tsoro nake ji, ba na so in kashe kowa.

Ki yafe mini.
Zmarak

*

Mor,

Salamu alaikum. Daga kan dutsen da na ɓuya nake rubutu, kada ki tambayi direba ko ina ne.

Mun gabatar, aji ya tafa. Ustaz ya ce, "To, ku raɗa wa mashigar suna." Daraz ya dube ni da kumburarriyar fuska, ya buga sunan yayansa, wanda ya harbe Gul Wali, da manyan baƙaƙe. Na zaro bindigar ubana daga cikin rigata, na harba. Ustaz ne ya shiga tsakani, a wuya ta same shi. A cinyata ya cika.

Daraz ko ƙwarzane babu. 'Yan'uwan Ustaz sun zo ɗaukar gawa, ba su yi kuka ba, hanyar ƙauyenmu kawai suka tambaya. Ki gaya wa matan rijiya ɗanki ya zubar da jini, sannan ki koma gida ki kulle ƙofa.

Na bar ki lafiya.
Zmarak