Yatsan Ninetto

Mamma,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Maƙwabciyata Ermelinda ce ke rubuta mini. Muna lafiya a Milano, kar ki damu. Gesualdo ya yi suna, manya har layi suke yi ya ɗinka musu kwat.

Amma mutumin nan zai haukata ni! Ya lanƙwasa wa Ninetto yatsan tsakiya ya ɗaure da zare, wai haka ake yi wa ɗan tela don ya saba tura allura. Yaro ɗan shekara shida! Jiya yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Na ce, "Maigida, kwance shi!" Ya ce, "Ke dai da tsoro! Dubi nawa." Nasan da har yau ba ya miƙewa!

Na ɗauki almakashinsa na yanke. Ko kallon yaron bai yi ba, almakashin ya tsaya dubawa.

Yau na gan shi yana murza wani zaren. Don Allah ki zo ki tafi da jikanki. Gara ya yi kiwon awaki da yatsunsa goma.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki, Assuntina