Shafin Da Ban Karanta Wa Rifkatu Ba

Kalgo,
25 ga Maris, 1996.

Zuwa ga Yayana Malam Abdulgani, Gwandu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida duka. Yaya zafi? Mu nan sai godiya, sanƙarau dai bai bar garin ba tukuna.

Yaya, jiya da hantsi na san yadda maigidana ya cika. Akwai abin da na ɓoye maka ranar da kuka zo gaisuwa: lokacin da ya rasu ba na kusa. Yana kwance a rumfar da aka kafa bayan asibiti saboda ɗakuna sun cika, ya ce kunun tsamiya yake so, na ruga gida in dama. Na dawo da kwano a hannu, na tarar an ja masa mayafi. Kwana ashirin ina ce wa kaina ya tafi babu wanda ya laƙanta masa kalmar shahada, saboda kunu.

Jiya wata mata 'yar Diggi, wadda ɗiyarta ta kwanta kusa da tabarmarsa, ta zo yi mini ta'aziyya. Tana cikin ba ni haƙuri sai ta ce in gode wa Allah, ai da kalma a bakinsa ya cika, da kunnenta ta ji. Na tambaye ta wa ya laƙanta masa. Ta ce Sista Rifkatu, mai allura, 'yar Zuru. Wai ta durƙusa ta tallafo kansa, ta ce Malam Bawa bi ni, ta faɗa sau uku. Ya bi ta sau biyu, a na uku leɓensa kawai ya motsa.

Yaya, Rifkatu Kirista ce. Duk Lahadi ana ganinta ta ɗaura kallabi ta nufi coci.

Na yi murna, na yi kuka, yanzu kuma ban san abin da nake ji ba. Kalmar da ta fito daga bakin wanda bai yarda da ita ba, tana kaiwa inda ake so? Kai ne mai karatu, ni aji shida na tsaya. Ina cikin takaba, ba halin in zo. Ka ba Hassan direba amsa idan zai juyo.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Fatsuma.

Kalgo,
14 ga Afrilu, 1996.

Yayana,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan kun tashi lafiya. Yaya ƙafar Gwaggo? Takardarka ta iso. Ka ce abin da ya faɗa da bakinsa shi ne nasa, ruwa ruwa ne ko da gugan wa aka ɗebo. Allah ya saka da alheri. Ranar na ci abinci har na ƙoshi.

To amma wani ruɗanin ya shigo. Rifkatu ta zo gaishe ni, ta kawo sabulu da mangwaro, kuma tun daga nan takan biyo bayan la'asar idan ta tashi aiki. Surukata Inna Kulu ta riga ta yanke cewa matar ta musulunta, wai baki ya riga ya faɗa. Har suna ta raɗa mata, Rahmatu, ta kuma ciro mata gyale daga adudu. Rifkatu ta karɓa tana dariya, ta ce Inna ta yi haƙuri, gyalen zai yi mata kyau ran Lahadi. Inna ta ce ja'ira, ai a hankali ake shiga ruwa.

Da muka zauna mu biyu muna tsince shinkafa na tambaye ta gaskiya. Ta ce ba ta musulunta ba. A gidansu a Zuru, in ji ta, tukunya ɗaya ake ɗora wa Musulmi da Kirista, kuma tana yarinya ta ga yadda aka yi wa kawunta da zai rasu. Ta ce ta ga marigayi yana duban hanyar da na bi, bakinsa yana neman wani abu, ta waiga ba kowa. Tafiyarsa ce, ba tata ba, shi ya sa ta miƙa masa guzurinsa. Sai ta ce tun ranar take roƙon gafara, don ba ta sani ba ko ta yi wa Ubangijinta laifi. Ban taɓa tunanin abin ya tsaya mata a rai ba.

Muna taɓa maganar addini, Yaya, kada ka ji tsoro, ban motsa ba. Na ce mata mu ma muna son Annabi Isa, amma zancen uku a ɗaya ya fi ƙarfin kaina. Ta nuna mini murhu, ta ce duwatsu uku, tukunya ɗaya. Na ce ai ni har yanzu duwatsu uku nake gani. Ta yi dariya ta ce misalin nata ne gurgu, Fasto ya fi ta iyawa. Na ce ko Faston ya zo, uku zan ƙirga.

Shekaranjiya ne dariya ta ƙare. Ta ce a wurinsu babu mai isa ga Allah sai ta hanyar Yesu. Na ajiye faifai na ce to ina mijina yake, a lissafinku? Nan take na ji kunyar tambayar. Can ta ce ba ta sani ba, ba ita ke riƙe da ƙofa ba, sai hawaye. Ta juyo ta ce ita fa, a namu lissafin? Yaya, na san abin da aka karantar da mu, amma bakina ya ƙi. Muka ci gaba da tsintar tsakuwa, kowace tana tausayin 'yar'uwarta.

Da za ta tafi ta ce tana sa ni a addu'a. Ban sani ba ko ana cewa amin, sai na ce na gode. Yaya ake yi?

A gaida Gwaggo, a ce ina yi mata sannu.

Taka,
Fatsuma.

Kalgo,
6 ga Mayu, 1996.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun yi Sallah lafiya. Ka gafarce ni, a gurguje nake, Hassan yana lodi.

Ciwon ya kama Rifkatu. Tana kwance a rumfar nan tun shekaranjiya, wuyanta ya sandare, idonta ba ya son haske. An aika wa danginta Zuru. Fastonsu daga Birnin Kebbi yake zuwa, Lahadi kawai. An ce wani ɗan cocinsu ya yi mata addu'a daga bakin rumfa da hankici a hanci, ya tafi. Ban ga laifinsa ba.

Yau da safe ta aiko Salamatu mai sharar asibiti da wani ɗan littafinta na addu'a, da Hausar boko, ta sa tsinken tsintsiya a wani shafi. Wai in zo in karanta mata wurin, tunda ba ta iya buɗe ido. Ta ce ba ta ce in yarda da shi ba, murya kawai take so.

Inna ta ce mai takaba ba ta taka ƙofar gida, in ma na fita me zan karanta wa Musulma a littafin coci.

Tambaya biyu nake yi. Ya halatta in fita? In na fita, ya halatta in karanta da bakina abin da ban yarda da shi ba? Don Allah ka amsa yau ko gobe. Ba zan motsa ba sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Fatsuma.

Kalgo,
16 ga Yuli, 1996.

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da fatan ruwa ya sauka muku kamar yadda ya sauka mana. Nan gero ya kai gwiwa, fadama ta cika. Na fita takaba makon jiya. Ka yi haƙuri da shiruna na wata biyu, na ɗauki biro ya fi sau goma.

Amsarka ta zo ran Alhamis, don motar Hassan ta lalace a Ambursa. Ka ce mai takaba tana fita da rana idan lalura ta kama, kuma duba wadda ta yi mana irin wannan alheri lalura ce. Kan karatun kuma ka ce ba ka da tabbas, sai ka tambayi na gaba da kai. Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba.

Ran Laraba da azahar, kwana ɗaya kafin amsarka ta iso, yayanta ya zo da mota ya ɗauke ta. Ba su kai Zuru ba, bayan Jega kaɗan ta cika. Direban da ya ɗauke su ya gaya wa Salamatu cewa yayan yana gaba, ita tana kwance a baya, sai da suka tsaya shan mai suka gane. Babu wanda ya san abin da ta faɗa a ƙarshe, ko ma ta faɗi wani abu. Salamatu ta ce kwana biyun nan duk wanda ya shigo rumfar sai ta tambaya ko Fatsuma ce.

Akwai abin da nake so in faɗa maka, kada ka ɗora wa kanka ko motar Hassan. Daga tsakar gidanmu ana hango kwanon asibiti. Da na yafa mayafi, kafin Inna ta idar da walaha da na isa. Ba takaba ce ta riƙe ni ba, na ji daɗi ma da na samu abin fakewa. Karatun nake tsoro. Ita Rifkatu, ranar da maigidana zai cika, ba ta rubuta wa kowa takarda ba, ta waiga ta ga ba kowa, ta durƙusa. Ni kuma na zauna jiran amsa. Wani lokaci in ce na tsare addinina, kuma daidai ne. Wani lokaci in ce ashe ta fi ni sanin abin da ake yi wa mai mutuwa. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, watakila duka biyun.

Ban koma ga addininta ba, Yaya, kuma ba zan koma ba. Idan na hura wuta na dubi murhu, uku nake gani. Amma sai in tuna dariyarta, tuwo ya ƙone.

Inna ba ta da wannan damuwa. Kullum bayan sallah sai ta ce Allah ya jiƙan Rahmatu, ta shafa. Ni ina gefe, ba na cewa amin da ƙarfi, ba na kuma iya yin shiru, sai leɓena ya motsa kawai. Idan ka samu amsar wancan malamin, ka haɗa masa da wannan tambayar.

A gaida Gwaggo da yara, a ce ina nan tafe bayan noman biyu in Allah ya yarda. Ka sa marigayi a addu'a, ni ma ka sa ni.

Littafin yana cikin aduduna, ƙarƙashin zannuwa, tsinken yana inda ta sa shi. An ce mahaifiyarta tana da rai. Ban kai mata shi Zuru ba, kuma ban karanta shafin ba.

Ƙanwarka har kullum,
Fatsuma.