Takardar ƙanwata tana aljihun teburina

Anti mai shawara, don girman Allah ki agaza mini kafin Juma'a, kaina ya ɗau zafi.

Ni ce shugabar ungozomomi a ɗakin haihuwa na wani asibiti, shekara goma sha tara ke nan. Gado goma sha huɗu gare mu, fanka biyu, ɗayar ma sai an zungure ta da sanda take juyawa. Cikin shekara huɗun nan ma'aikata tara na koyar da hannuna, tun daga sa safar hannu har karɓar jaririn da ya zo ta ƙafa. Da zarar hannun yarinya ya faɗa, sai dillalan aiki su kwashe ta zuwa ƙasashen masu kuɗi. Wai tsofaffinsu sun yi yawa, ba mai kula da su. To mu matanmu a hannun wa za su haihu? Kuɗinmu kullum faɗuwa yake, nasu na hawa, da me zan riƙe mutum? Mu sha wahalar raino, su zo su ɗauki gwanaye a ɓagas.

Abin haushin, ni ce mai rubuta musu takardar shaidar aiki, ba a ɗaukarsu sai da sa hannuna. Yanzu layi ya zo kan ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma ungozoma ce a ɗakinmu. Ita kaɗai ta rage wadda zan bar wa ɗaki in je in yi salla hankali kwance. Takardarta sati uku ke nan tana aljihun teburina. In ta tambaya sai in ce shugaban asibiti ne bai duba ba, alhali ƙarya nake shara mata. Inna kuma ta sa ni gaba a waya, wai baƙin ciki nake yi wa 'yar'uwata. Ni da na goya ta!

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Sababbi biyu da aka kawo mana, na daina nuna musu aiki mai wuya. In haihuwa ta zo da gardama sai in aike su ɗauko auduga, in yi abina ni kaɗai. A raina cewa nake wadda ba ta iya ba ai ba mai sace ta. Ran Juma'a ake rufe karɓar takardu. In sa hannu, ko in yi shiru lokaci ya wuce?

Taki,
Yayar da ta gaji

*

Yaya, sannu da ƙoƙari. Haushinki da hujja: ƙasar da ba ta da shi ke koyarwa, mai shi ta kwashe, ko na gode babu. Inna ma ba ta kyauta ba, tsoro ne ke cin ki, ba baƙin ciki ba. Amma ba ƙanwarki ce ta karya darajar kuɗi ba, kuma aljihun teburinki ya yi kaɗan ya gyara tsarin duniya.

Ki sa hannu gobe, ki faɗa mata gaskiya da bakinki kafin ta ji a bakin shugaban asibiti. In kika riƙe ta da dabara, gangar jikinta za ki samu, zumuncin ya tafi. Ki roƙe ta, watannin da za ta yi tana jiran biza ta tsaya a kan sababbin nan. Kukan ƙarancin ma'aikata kuwa, ku haɗu ku kai wa hukuma a rubuce, ku yi ta naci.

Zancen auduga ne zan ɗaga miki murya a kai. Haba Yaya! Ki daina tun yau. Ke ma mutum ce, za ki yi zazzaɓi, za ki tafi ta'aziyya. Ranar da ba kya nan aka kawo mace jini na zuba, wa zai tsaya mata? Wadda kika koyar ta tafi, wata ƙasa ce ta ci riba. Wadda kika hana sani ta zauna, matar maƙwabcinki ce za ta biya da ranta.

Allah ya ƙara miki haƙuri, ya sauki matanmu lafiya.