Gayyar Doya a Maikunkele

Litinin, 2 ga Mayu, 1983
Burodi ya sake ƙonewa. Andrawus ne dai, gyangyaɗi a bakin tanda. Masu sari daga kasuwa sun koma hannu rabbana. Tun zamanin marigayi Baba yake gashi a gidan nan, amma gidan burodi ba masauki ba ne. Ranar Asabar zan sallame shi.

Laraba, 4 ga Mayu
Na gaya wa matata Halimatu. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba: "Ka tambaye shi abin da ke hana shi barci?" Na ce ni maigida ne, ba likita ba. Ta ce to.
Wannan "to" ɗin nata!

Asabar, 7 ga Mayu
Na je Maikunkele, ƙauyen Andrawus, don kada in sallami dattijo a gaban yara. A gona na same shi, shi kaɗai da garma. Ashe ɗansa da ke noman ya karye a babur. Yana tashi daga tanda sai gona, ga damina ta sauka, ko rabin tulin doya bai yi ba. Ya ce, "Maigida, doya ba ta jiran mutum." Abincin gidansa na shekara ke nan. Na ji kunya ƙwarai. Na ce wucewa nake, na biyo mu gaisa.

Alhamis, 12 ga Mayu
Na ce wa ma'aikata jibi ba gashi, gayya za mu gonar Andrawus. Tsado mai kwaɓa fulawa ya leƙa fuskata, wai ko zazzaɓi nake.

Asabar, 14 ga Mayu
Wayyo bayana! Amma rabon da in yi dariya irin ta yau har na manta. Tulina na farko, Magdalene matar Andrawus ta zagaya shi ta ce, "Wannan na doya ne ko na gyaɗa?" Har Andrawus sai da ya zauna don dariya. Tsado na waƙa, muna amshi. Kafin la'asar mun kai iyakar gona. Mun sha kunu, mun ci tuwo har ba a magana. Da za mu tafi Andrawus ya riƙe hannuna, duk bororo. Ni kuwa na yi ta kallon babur ɗina.

Litinin, 16 ga Mayu
Burodi ya fito ja-ja-wur. Kafin hantsi ya ƙare.

Talata, 7 ga Yuni
Yau Tsado ne ya zabga gishiri a kwaɓi. Na taho da faɗa cike da baki, sai na ji na ce, "Tsado, lafiya dai gida?" Ashe matarsa ce ke kan gwiwa tun asuba. Na kore shi asibiti, na naɗe hannun riga na shiga kwaɓin da kaina.
Ba wai na canza ba ne. Kada dai Halimatu ta ji.