Sunan da na rubuta a tikitin Inna

Laraba, bayan isha'i. Daura.

Saura kwana tara mu tashi zuwa wajen maigidana a Turai, ni da mahaifiyarsa Inna, amma gabana sai faɗuwa yake. Inna ta yi shekaru tana koyar da zane a firamare, kuma abu ɗaya ta roƙa: a kai ta babban gidan adana zane-zanen garin. Tikitin shigarsa wuya gare shi. Kwana uku ina fama a waya, sai yau na samu biyun da suka rage.

Da yamma na karanta sharaɗin: dole sunan tikiti ya zo daidai da na fasfo, kuma ba a canzawa. Ni kuwa "Hajiya Inna" na rubuta. Shekara goma sha ɗaya da aurena, saboda kunyar suruka ban taɓa kama sunanta na yanka ba, to ina yatsa zai saba?

Ɗazu ta leƙo ɗakina sanye da sabon tabarau. "'Yar nan, an samu?"

Na ce, "An samu, Inna."

Ta yi ta sa mini albarka. Ya Allah, in mai gadi ya tsayar da ita a ƙofa, da wane ido zan kalle ta?