Fatalwar da Wesley Ya Zaɓa

Duluth, 2 ga Nuwamba

Ƙanena Curtis,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka da abokan aikinka a kan wannan teku na Alaska, ya dawo da jirginku lafiya kullum. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fita coci da sandarta. Maigidana Gerald yana nan yana fama da rufin gareji kafin ƙanƙara ta sauko. 'Ya'yanka biyu, Opal da Wesley, suna cin abinci, suna zuwa makaranta, Opal ma ta cire haƙorin gaba.

Abin da ya sa na zauna rubuto maka shi ne daren Halowin na shekaranjiya, daren da yara ke yin shigar dodanni da makamantansu suna bin gidaje neman alewa. Ka san marigayiya matarka Denise ce ke ɗinka musu kayan shiga kowace shekara, ni kuwa ko maɓalli ban iya sawa daidai ba. Sai na ce kowa ya zaɓi abin da za mu iya haɗawa da kayan gida. Opal ta ce kunkuru za ta zama. Muka ɗaura mata kwandon wanki a baya, muka shafa masa koren fenti, ta yi ta rarrafe a falo tana ba Mama dariya. Wesley kuwa ya ce shi fatalwa. Na nuna masa kwalin da za mu yi masa motar kashe gobara, ya ƙi ko kallo. Opal ta tsokane shi cewa fatalwa shigar malalata ce, bai kula ta ba. Na ɗauko tsohon farin zanen gado na huda masa ido biyu.

Da yamma, kafin duhu, muka fita. An kunna kyandir cikin kabewa a kowace ƙofa, titi cike da yara. Opal na gaba tana ihun a ba su alewa ko su yi ɓarna, jakarta na cika. Wesley ko sau ɗaya bai buɗe baki ba. Idan aka buɗe ƙofa ba ya miƙa jaka, sai ya leƙa cikin gidan ta bayan mai gidan. A titi kuma duk babban mutumin da ya rufe fuska, sai ya tsaya a gabansa ya ɗaga kai yana kallonsa har ya wuce. Na ɗauka kunya ce. Da muka kai ƙarshen layi, inda katangar maƙabarta ta fara, ya saki hannuna ya je ya riƙe ƙarfen ƙofar. Na bar shi. Ya daɗe a tsaye, iska na kaɗa zanen.

A hanyar komawa Opal ta raɗa mini dalili. Wani yaro a ajinsu ne ya gaya masa cewa a wannan daren matattu ke fitowa yawo, amma ba sa kula kowa sai ɗan'uwansu fatalwa. Shi ya sa ya nace.

Da muka isa gida ya zauna a matakala, ya cire zanen ya naɗe shi a cinyarsa. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Gwaggo, ba ta zo ba." Na zauna kusa da shi na gaya masa gaskiya, cewa mamarsa ba za ta zo ba, ba don ba ta son ganinsa ba. Ya yi ta jan zaren zanen. Can ya ce, "Baba ma irin tafiyar Mama ya yi?" Na ce a'a, babansa yana da rai, yana kama kifi. Sai ya tambaye ni to me ya hana shi zuwa. Curtis, sai kawai na rungume yaron nan.

Ba laifinka nake gani ba. Na san abin da ya kore ka daga gidan nan tun bayan jana'iza, na san ko kujerarta ba ka iya kallo. Riƙon yaran nan kuma bai taɓa yi mini nauyi ba. Amma yaro ɗan shekara biyar ya fara lissafa ka cikin matattu, muryarka ta waya kuma ba ta ishe shi shaida ba. Ka zo ya taɓa ka da hannunsa. Ko na mako guda ne, ka zo kafin Kirsimeti.

Mama na gaishe ka, Gerald ma haka. Ka gaida mana ɗan kawu Roy da matarsa Ardis, ka yi musu godiyar masaukin da suka ba ka. Opal ta ce ta ajiye maka cakulan cikin rabonta. Wesley na tambaye shi saƙonsa, ya ce sai ya gan ka zai faɗa.

Yayarka,
Lorraine